Moton Mushe Bitrus

Talata, 14 ga Mayu 1985, bayan la'asar

Yau na hau moton mijina Bitrus, wato babur ɗinsa, na tafi aiki Saga. Ban faɗi ba, na gode wa Ubangiji.

Amma baya. Daga ƙugu har tsakanin kafaɗu kamar an ɗaura mini turmi. Da na isa disfansar sai da na dafa bango kafin in iya miƙewa, matan da suka zo awo suna kallona. Shekara da shekaru ina karɓar haihuwa a sunkuye, baya bai taɓa yi mini haka ba.

Moton na dogon mutum ne. In Bitrus ya zauna a kai, ƙafafunsa duka biyu a ƙasa suke har da saura. Ni da kan yatsa nake taɓo ƙasa, hannuwana a miƙe sarai kafin su kai kan moton, ina tafe a kife kamar mai wanki. Ƴar mobilet ɗina, ƙaramin babur da nake hawa da, mun sayar bara muka aika wa Inna, mahaifiyarsa, hatsi a Dogon Dutsi. Taksi kuma ba ta shiga inda nake zuwa.

Ranar Juma'a suka zo lakwal, makarantar da Bitrus ke koyarwa, inda ake ce wa malami Mushe, su biyu, ba kaki. Yana tsakiyar darasi. Suka ce ƴar tambaya ce, ya ajiye alli, yanzu zai dawo. Mai gadin lakwal ne ya turo moton har gida, ya jingine shi a zaure, ko ruwa bai yarda ya sha ba.

Na ce wa Rut babanta ya yi tafiya. Shekararta goma sha uku, ba ta da wauta. Ta dube ni, ta dubi moton, ta shiga ɗaki.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Baya ya kwana yana ciwo. Ba labari.

Alhamis, 16 ga Mayu, da yamma

Na nemi izini wurin Majo, shugaban disfansar ɗinmu, na zaga gari. Wuri uku na je, ba zan rubuta sunayensu ba. A na farko wani ya leƙo ta taga ya ce ba su da mai wannan suna. A na biyu aka ce in zauna a benci, na zauna har rana ta take, sannan aka ce wanda ya kamata in gani ya fita. A na uku sojan bakin ƙofa bai ma bari na kashe moto ba, ya nuna mini hanya da bakin bindiga.

Tuwon da na ɗauro masa na ba wata mata da ke zaune bakin hanya da yara uku, cikin mutanen nan da fari ya koro daga arewa. Ta karɓa, ta juya baya don kada na kusa da ita su gani.

Duk inda na tsaya sai na sake taka moton ya tashi, kowane taki kuma a ƙashin bayana yake sauka.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Na kai moton wurin Isaka, makanikin da ke ƙarƙashin itacen bedi a bayan kasuwar Petit Marché. Shi ke duba wa Bitrus shi tun yana sabo. Mai kawai na je a canza. Ya tsaya yana kallon yadda na sauko, sai ya girgiza kai.

"Madam Mushe, wannan ba awonki ba ne."

Na ce na sani.

Ya ce in sake hawa ya gani. Ya zagaya ni, ya tsaya daga gefe. "Ga inda ciwon yake fitowa. Kin miƙe hannu kina neman gidon, baya ya lanƙwashe, duk ramin da kika faɗa shi ke karɓa." Gidon yake ce wa kan moton. "Bari in kwance ƙusoshin nan in jawo shi ya zo gare ki. In buɗe sirdi in rage soso ta gaba, ƙafarki ta sami ƙasa. Kafin azahar na gama."

Na ce a'a. Mai shi zai dawo, kuma ba ya son a taɓa masa kaya.

Isaka ya dubi ƙasa. Ya ce, "Allah ya dawo da shi lafiya." Bai tambaye ni ina ya tafi ba. Ashe har nan an ji.

Na yarda ya sassauta amortisar na baya, ƙarfen da ke shanye jijjiga, ya rage iskar taya kaɗan, tunda waɗannan ana iya mayarwa. Sannan ya koya mini zama. In matso gaba har jikin tanki. In bar gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kada in damƙe kan moton kamar za a ƙwace mini. In matse tanki da gwiwoyi. In na hango rami in ɗan ɗaga jikina bisa ƙafafu, ƙafa ta sha wuyar, ba baya ba.

Na ce da zane yaya zan matse tanki? Ya yi dariya ya ce wannan kuma ba aikin makaniki ba ne.

Da na dawo na ɗauko tsohon wandon Bitrus na kaki, na naɗe ƙafafun, zan riƙa sawa ƙarƙashin zane. Yana da warinsa. Na daɗe zaune da shi a cinya.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan sujada

Fasto Yakubu ya yi addu'ar ruwan sama. Ya yi wa shugabanni addu'a, mai tsawo. Ya yi wa marasa lafiya, da "ƴan'uwanmu da ke kan tafiya." Bai ambaci suna ba. Bitrus ne ke buga musu ganga kowace Lahadi, yau gangar tana jingine a kusurwa, aka rera waƙa da tafi kawai.

A bencin mata an bar mini wuri mai faɗi dama da hagu. Da aka tashi wata ƴar majami'armu, Na'omi, ta riƙe hannuna a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Ai mun sha gaya masa ya bar zuwa wurin mutanen nan." Na zare hannuna.

Bencin majami'a ba shi da majingina. Na ji shi sosai.

Talata, 21 ga Mayu, da yamma

Musulmi sun ɗauki azumi yau, cikin wannan zafi.

Fadamun shinkafa na Saga sun tsattsage, kana iya sa hannu cikin tsagar har wuyan hannu. Gulbi ya ja baya ya bar jiragen masunta a kife kan yashi. Bukkokin baƙi sun ƙaru a bayan gari, na tabarma da na kwali. Ƙyanda ta shiga cikin yaransu. Majo ya tara mu ya ce in wani baƙo ya zo da tambaya, farar fata ko baƙar fata, ba mu san komai ba, a turo masa. Ni ya fi kallo yana faɗa.

Akwai wata yarinya cikin baƙin, Hamsatu, mai cikin fari, wata ya kusa. Jini ya yi mata kaɗan. Na ce wa uwarta da zarar ta fara kada su jira, su aiko.

Zaman da Isaka ya koya mini yana taimako a kan kwalta. Cikin rairayi kuwa sai na manta komai, in damƙe, in kife.

Alhamis, 23 ga Mayu, da magariba

Akwai wani mutum da ke zama a bencin mai tebur da ke fuskantar ƙofarmu. Gajere, mai furfura a saje, jamfarsa shuɗiya a goge tsaf. Ba ɗan unguwa ba ne. Tun farkon mako nake ganinsa, na ce wa kaina mai jiran wani ne.

Yau ina tura moto zaure ya taso ya gaishe ni da ladabi.

"Madam Asabe, barka da aiki. Yaya baya?"

Na ce da sauƙi.

"To madalla. Hanyar Saga ba ta da kyau. A riƙa tafiya sannu."

Ya koma ya zauna. Ban taɓa gaya masa sunana ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, da asuba

Wa na gaya wa ina ciwon baya? Isaka. Majo. Haoua maƙwabciyata, wadda ta shafa mini man kaɗanya shekaranjiya. Sai Rut.

Isaka, Majo, Haoua.

Jiya Haoua ta aiko da kunun shan ruwa kamar kowace shekara. Na ce a mayar mata, mun ƙoshi. Tun da muka tare a unguwar nan ban taɓa mayar mata da kwano cike ba.

Asabar, 25 ga Mayu, da rana

Ba labari. Mai jamfa yana nan.

Litinin, 27 ga Mayu, da yamma

Tun da sassafe Majo ya aiko direban da ke kawo mana magani ya ce Hamsatu ta fara, abin ba ya tafiya daidai, in yi sauri.

Na yi sauri. Inda ake barin kwalta a shiga rairayi akwai wani kwari da motocin ruwa suka haƙe. Na gan shi, na san ya kamata in ɗaga jiki, amma hannuwana suna can gaba, ba ni da abin da zan tashi da shi. Na faɗa ciki da duk nauyina. Wani abu ya ƙulle a ƙuguna, numfashi ya tsaya. Na nemi ƙasa da ƙafa ban same ta ba. Moton ya kwanta da ni.

Ban ji rauni ba, ƙafa ce kawai ta ɗan ƙone. Amma na kasa motsi. Ina kwance ina kallon sama, ba ko gajimare ɗaya, ina jin mai yana ɗiga kusa da kunnena. Ban san tsawon lokacin ba. Wasu mata masu itace ne suka ɗaga moton, suka zaunar da ni, ɗaya ta danna mini baya da gwiwarta har na iya tsayawa. Da ƙafa na ƙarasa, ina dafe da kafaɗarta.

Hamsatu tana da rai.

Jaririn bai rayu ba. Namiji ne. Cibiya ce ta naɗe masa wuya. Abin da hannun nan ya sha warwarewa.

Uwarta har godiya ta yi mini da na zo.

Talata, 28 ga Mayu, da azahar

Na kai wa Isaka moton. Na ce ya yi duk abin da ya ce.

Bai ce "ai na gaya miki" ba. Ya ɗauko kile ya kwance ƙusoshin, ya ce in hau in rufe ido in miƙa hannu inda suke so su sauka da kansu. Nan ya jawo kan moton ya same su. Ya sunkuyar da hannun birki da na ambireyaj, wato kuloci, don kada in riƙa karya wuyan hannu. Sannan ya cire sirdin ya ɓare fatar.

Soson ciki ya lotsa a baya, daidai inda Bitrus yake zama, rami biyu. Da Isaka ya ɗauko wuƙa sai na tashi na tafi wurin masu tumatir na tsaya, ban sayi komai ba.

Da na dawo yana ɗinke fatar, leɓensa a bushe da azumi. Na tsuguna kusa da shi na tambaye shi kai tsaye ko shi ya gaya wa wani ina ciwon baya.

Ya ajiye basilla. "Madam, duk mai ido in ya ga yadda kike sauka daga moton nan ya sani. Amma tunda kin tambaya, an zo nan. Wani gajere."

"Me ya ce?"

"Ya ce wa ke hawan moton yanzu, ina yake zuwa. Na ce matarsa ce, aiki take zuwa. Ya ce ko na taɓa ganin Mushe ya goyo wani bature mai na'urar hoto, sun nufi wajen bukkokin baƙi." Ya ɗago ya dube ni. "Na ce ni taya da inji nake kallo, ba na kallon wanda ke bisa."

Ya sake ɗaukar basillarsa.

Na ce ban san komai a kan wannan ba. Haka na gaya masa, haka kuma nake rubutawa a nan.

Na hau. Tafin ƙafata duka ya sauka ƙasa.

Laraba, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Saga na dawo a zaune tsaf, baya a miƙe. Kwarin nan na tashi bisa ƙafafu na wuce shi kamar ba shi. A hanyar dawowa, wajen gangaren, na ji ina ƙara wuta ba dalili, iska tana shiga ɗankwalina. Na ji daɗi. Sai da na ga ƙofar gida na tuna.

Rut ta fito ɗaukar jakata, ta tsaya tana kallon moton.

"Mama, kin yanke sirdin Baba."

Na ce baya ne ke damuna.

"In ya dawo a ina zai zauna?"

Na ce ana sayar da soso a kasuwa.

"Ba zai dawo ba ke nan, kin sani kika ƙi faɗa."

Na mare ta. Ban taɓa ba. Ba ta yi kuka ba, ta ɗauki jakar ta kai ɗaki kamar kullum.

Asabar, 1 ga Yuni, da safe

Ciwon ya ragu da rana. Da na kwanta yake dawowa. Mai jamfa yana nan.

Lahadi, 2 ga Yuni, da yamma

Ban je sujada ba.

Haoua ta shigo ba sallama, ta rufe ƙofa, ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Maman Rut, ban san laifin da na yi miki ba, kuma ba shi ya kawo ni ba."

Ƙanin mijinta, Dauda, yana tuƙa motar ruwa. Akwai wani gida da yake kai wa ruwa a wajen gari, mai doguwar katanga, ba allo a ƙofa. Ranar Alhamis yana juye ruwa ya ga an fito da mutane shan iska a tsakar gida. A cikinsu akwai wani dogo. Dauda ya san shi, ya taɓa koyar da ɗansa.

Na ce yana tafiya da ƙafarsa?

Ta ce, "Ya ce a tsaye ya gan shi."

Na sake tambaya. Ta sake cewa a tsaye ya gan shi.

Dauda ya ce ba takarda, ba magana, amma riga ɗaya zai iya cusawa ƙarƙashin kujera, akwai mai girkin da ya sani. Na ɗauko farar rigar da Bitrus ke sawa ran Kirsimeti. Haoua ta ce a'a, mai duhu, wadda ba za ta ja ido ba.

Da za ta fita na ce ta yafe mini zancen kunu. Ta ce, "Kala suuru," da Zabarmancinta, wato sai haƙuri. Anjima kwanon ya dawo cike. Mun sha ni da Rut.

Laraba, 5 ga Yuni, da magariba

Dauda ya kai ran Litinin. Ya dawo da wadda ke jikinsa ran da suka tafi da shi, a dunƙule cikin takardar siminti.

Na aiki Rut gidan Haoua. Na wanke ta ni kaɗai a bayan ɗaki. Gaban rigar ba komai, har allin da ya goga a aljihu yana nan. Bayan ne.

Na canza ruwa sau da yawa, ga ruwa da wuya. Ban shanya ta a igiya ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, da safe

Yana da rai ran Litinin. Wannan na sani.

Asabar, 8 ga Yuni, da rana

Wani ɗan garinmu ya zo daga Dogon Dutsi da saƙon Inna, wai ta yi mafarki, Bitrus ya je ta gan shi. Na ce a gaya mata an tura shi ƙaro ilimi, sai bayan damina. Mutumin ya ce, "Wace damina?" Muka yi dariya ni da shi, ban san me ya sa ba.

Talata, 11 ga Yuni, bayan la'asar

An hana Dauda kai ruwa gidan nan. An ba wani. Ba a gaya masa dalili ba.

Yara biyu sun rasu a bukkoki yau. Majo ya ce zazzaɓi ne.

Juma'a, 14 ga Yuni, da yamma

Gulbi ya tsaya. Da idona na gani. Na tsayar da moto a kan tudu, ga mutane suna ƙetarewa da ƙafa, da jakuna, wani har da keke a kafaɗa. Ƴan kududdufai ne suka rage, kore shar, yara suna kama kifi da hannu. Wani tsoho ɗan Saga da ke tsaye kusa da ni ya ce kakansa bai ba da labarin irin wannan ba. Ba wanda ke ɗaga murya. Sojoji suna tsaye a bakin madatsar ƙasa da aka yi don ruwan shan gari.

Na daɗe a zaune a kan moton. Yanzu ina iya zama a kansa in sa ƙafa biyu a ƙasa in yi ta kallo.

Lahadi, 16 ga Yuni, da safe

Bencin mai tebur ba kowa. Tun jiya. Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Talata, 18 ga Yuni, da magariba

Mai jamfa ya dawo. Wannan karon har cikin zaure ya biyo ni. Ya tsaya yana shafa sirdin da tafin hannu.

"An yi gyara mai kyau. Yanzu ya zama naki."

Na zare makullin moton.

Ya ce gobe da hantsi in bi hanyar Doso, in wuce shingen jandarma, za a bar ni in wuce. Bayan nan akwai wata kuka ta hannun dama, in tsaya a nan. Ni kaɗai. Albarkacin salla ne, in ji shi, manya suna da tausayi.

Na ce, "Me zan zo da shi?"

"Ba komai."

"Mutum zan ɗauko, ko me zan ɗauko?"

Ya gyara hularsa. "Madam, ki zo kawai."

Na gaya wa Haoua in rana ta karkata ban dawo ba ta sa Rut a mota zuwa wurin Inna.

Laraba, 19 ga Yuni, da yamma

Yana gida.

Na isa kukar ba kowa, sai gawar wata saniya da ta bushe. Na jira. Can wata mota mai rufin tanti ta zo, ba ta kashe inji ba. Suka sauko da shi su biyu, suka tsayar da shi a gindin kukar kamar an jingine tabarma, suka juya.

Rigar da na aika ce a jikinsa, ta yi masa yawa. An aske masa kai. Na ce, "Baban Rut." Ya dubi wuyana, bai dubi idona ba. Na ba shi ruwa, ya riƙe gorar da hannu biyu, yatsunsa ba sa rufuwa.

Ba ya iya miƙewa sosai, ba ya kuma iya ɗaga ƙafa. Na kwantar da moton gefe har ya kusa taɓa ƙasa, na ɗaga masa ƙafar da hannuna na tsallakar, na tashe mu gaba ɗaya. Ban san inda na sami ƙarfin ba. Na ce ya riƙe ni. Hannuwansa suka zagayo ƙuguna suka zame.

Sai na kwance zanena, na tsaya da wandonsa a bakin hanya, rana tsaka. Na ce ya kwanto a bayana. Na zagaya zanen ta ƙarƙashin hammatarsa, a hankali saboda ciwon bayansa, na ɗaure a ƙirjina kamar goyo. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Da na taka moton ya tashi, sai duk jikinsa ya ɗauki rawa. Na ce ni ce, ni ce, gida za mu. Na tafi sannu, ina kauce wa kowane rami, wanda ban iya kaucewa ba in gaya masa kafin mu shiga. A shingen jandarma wani saurayi ya fara dariya, babbansu ya daka masa tsawa, ya ɗaga mana sanda. Cikin gari mutane suna ta sayayyar salla, suna tsayawa suna kallon mace da wando ta goyo ƙato. Ban sunkuyar da kai ba.

Rut ce ta kwance ɗaurin. Ta ce, "Baba, sannu da zuwa," kamar daga lakwal ya dawo. Ya ɗora hannu a kanta.

Na wanke masa bayan, na sa magani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga abubuwa da yawa. Rubda ciki yake kwana.

Juma'a, 21 ga Yuni, da rana

Ya sha kunu. Haoua ta aiko da naman salla, bai iya taunawa ba. Fasto ya zo, ya yi addu'a da sunansa a cikin ɗaki, murya ƙasa ƙasa.

Abu ɗaya ya faɗa tun da ya zo. Ya ce a bar ƙofa a buɗe.

Litinin, 24 ga Yuni, da yamma

Dole in koma aiki yau, akwai mata biyu da watansu ya kama.

Da safe na fito da moton tsakar gida kamar kullum na taka shi. Yana tashi na ji ƙara daga ɗaki, irin wadda ban taɓa jin ta fito daga bakin mutum ba. Na kashe na ruga. Ba ya kan gado. Yana bayan randa, a dunƙule, ya rufe kai da hannuwa, yana cewa, "Na faɗa, ai na faɗa muku duka." Ran Laraba na ɗauka sanyin jiki ne ya sa shi rawa.

Na zauna a ƙasa kusa da shi har ya gane ɗakin. Ban tambaye shi me injin ya tuna masa ba. Ban tambaye shi me ya faɗa musu ba, ko sunan wa.

Rut ta zo ta karɓe ni, ta zauna a inda na tashi.

Na tura moton da hannu na fita zaure, na wuce mai tebur, na wuce gidan Haoua, na wuce masallaci, cikin rairayi, gumi yana zuba. Sai da na kai bakin kwalta, inda na tabbata ba zai ji ba, sannan na tayar. Da na dawo ma a can na kashe.

Hadari ya haɗu ta gabas da la'asar, ya yi baƙi, iska ta watsa shi.

Gobe zan tashi da wuri, turin yana cin lokaci.